Kafaɗar Lai'atu

Sau bakwai Lai'atu take sauka rafi a rana, in ranar wanki ce kuwa sau tara. Daga gidan ɗanta da ke sabuwar unguwa takan bi ta bayan makarantar firamare, ta tsallake titin jirgi, ta gangara ta cikin gonakin rogo har inda mata suke tone yashi suna jiran ruwa ya tsatso. Bazarar shekarar saba'in da biyar ke nan, Kafanchan ta cika ta batse. 'Yan kasuwa sun zo, ma'aikata sun zo, waɗanda yaƙi ya kora sun dawo da iyalansu, an kafa gidajen kwano har inda a da ake noman acca. Kowa ya yi tunanin inda zai kwana, ba wanda ya yi tunanin abin da zai sha. Famfon unguwa in an murɗa shi sai ya yi tari sau biyu ya yi shiru, rijiyoyi kuma tun watan Fabrairu guga ke dawowa da laka.

Ba ɗiban ruwa ne ya kawo ta garin ba. Bayan Kirsimeti aka aika mata can ƙauyensu, gaba da Jere, cewa matar ɗanta Beatrice ta sauka, an sami 'ya mace, Clara, ta zo ta yi mata wankan jego. Kwana arba'in aka ce. Ta jera irin doyarta a rumfa, ta lulluɓe da ciyawa, ta ce wa maƙwabta ba za ta daɗe ba. Mijinta ya jima da rasuwa, ita ke noma abin da take ci, kuma duk wanda ya san doya ya san in ba a binne iri kafin ruwa ya sauka ba, shekara ta wuce mutum. Arba'in ta cika, ta ninka, Lai'atu tana nan.

Gidan kuwa shan ruwa yake yi kamar rami. Ɗan nata, wanda gari ke kira Mista Silvanus, ita kuma take kira Dogara, babban akawu ne a wani ofis, kuma da kuɗin Udoji, ƙarin albashin da gwamnati ta yi wa ma'aikata, suka sauka bai yi wata-wata ba ya sayi mota ƙirar kunkuru. Motar nan sai an wanke ta kowace safiya. Bayan gida na zamani ne, irin wanda sai an bi shi da bokiti guda duk wanda ya shiga. Ga nafkin ɗin jaririya, ga fararen kayan da Beatrice ke zuwa koyarwa da su, ga furanni a bakin baranda da ake cewa za su mutu in suka kwana biyu ba ban ruwa. Duro biyu ne a bayan kicin. Tun da aka gama wankan jego ba wanda ya buɗe baki ya ce wa tsohuwa ta ci gaba da cika su, kuma ba wanda ya ce ta daina.

Kada wani ya ce babu 'yan ga-ruwa a gari. Suna nan, da sandarsu da garwa bibbiyu, suna bin gida-gida. Amma manyan unguwa sun kafa kwamitin neman ruwa, Silvanus ne sakatare, kuma kwamitin ya yanke cewa kada mai mutunci ya sayi ruwa a hannunsu, wai suna cin moriyar wahalar jama'a, wai kuma in hukuma ta ga ana sayen ruwa za ta ce ai babu matsala. Da hannunsa ya rubuta takardar, da bakinsa ya karanta ta a ƙofar majami'a bayan sujada. Duk ranar Alhamis 'yan kwamiti sukan taru a falonsa su sha shayi, su rubuta wa Kaduna wasiƙa, su yi jimamin halin da talakawa suke ciki. Ba wanda ya taɓa tambayar daga ina ruwan shayin ya fito.

Wata Asabar da safe ta same shi yana goge gilashin mota. Ta tsaya daga nesa kaɗan, ta yi masa magana da yarensu, Gbagyi. Ya amsa da Hausa, domin Beatrice tana bakin taga, ba ta jin yaren, kuma ba ta son a yi shi a gabanta.

“Mama, ki ƙara haƙuri kaɗan. Ba ki ga fayif ɗin da aka jibge a bakin hanya ba? Ƙarshen wata za a binne su. Ruwa yana zuwa, ni da kaina zan kai ki gida.”

Ta koma Hausa, irin tata ta kasuwa da majami'a. “Dogara, doya na bai san ƙarshen wata ba. Ya fara fid da ido tun ina can.”

Ya yi dariya. “Doya! Mama, doya nawa za ki ci? Ga shinkafa a gidan nan, ga gwangwani. Ɗanki ya zama mutum, ki huta mana.”

Ta dubi bokitin da ke gefen tayar mota, rabinsa ya riga ya bi ƙasa. Ta juya ta ɗauki tulunta. Fayif ɗin da yake magana a kai kuwa ta san su, kullum tana wuce su, awaki sun mai da su wurin shan inuwa.

Ita ba ta ɗaukar kaya a ka. Matan Gbagyi a kafaɗa suke ɗauka, su tallafe da tafin hannu, su karkata kai gefe. Haka ta ga uwarta, haka uwarta ta ga tata. Ana cewa kai ya riga ya ɗauki nauyin mutum duka, ba a ƙara masa wani. Tun tana 'yar shekara shida take yi, har kafaɗarta ta hagu ta yi kanta mai kauri. In ta ɗora tulu a nan sai ya zauna daram, ta hau tudu da shi ko ɗigo bai zuba ba. Gajiya kam tana gajiya, amma gajiyar da jikinta ya sani ce.

Abin ya ɓaci ne ranar da 'yan Zumuntar Mata ta majami'a suka zo duba jaririya. Su takwas, kowace da ɗankwali iri ɗaya, suna zaune a baranda suna rera waƙar godiya, sai ga Lai'atu ta shigo ta ƙofar gaba, zani ya jiƙe, tulu a kafaɗa. Ta gaishe su da kyau ta wuce. Wata matar dattijon ikilisiya ta bi ta da kallo, ta rufe baki da hankici.

“Af, Malama, ashe surukarki 'yar can ce? Ni na ce ko mai aiki kuka samo daga daji.”

Aka yi 'yar dariya, wata ta tsawatar, aka koma waƙa. Beatrice ta yi murmushin da bai wuce haƙora ba. 'Yar fasto ce, ta yi kwalejin horon malamai, kuma shekara biyu ke nan tana gaya wa mutane cewa mijinta daga wajen Kagarko yake, ba ta ƙara komai a kai.

Da yamma bayan an ci tuwo suka kira tsohuwa falo, wurin da ba ta saba zama ba. Ta ƙi kujera, ta zauna a ƙasa kusa da ƙofa.

“Mama,” in ji Beatrice, murya a sanyaye kamar mai koya wa 'yan aji ɗaya, “wannan ɗaukan kaya a kafaɗa, kin san tushensa? Abin arna ne. Girmama kai ne kamar wani allah. Gidan nan gidan masu bi ne, mutane suna kallon mu.”

“Maman Clara, na yi baftisma ba a haife ki ba. Tulu ne kawai. Ba na yi masa addu'a.”

“Ba mu ce kina yi ba,” Silvanus ya karɓe, idonsa a kan jarida. “Amma a cikin Almasihu an bar tsofaffin abubuwa. Kuma ana maganar za a sa ni cikin dattawan ikilisiya bana. Ki duba matsayina, Mama. Kowace mace a garin nan a kai take ɗauka.”

“Wuya na bai koya ba.”

“Zai koya. Ai sauƙi ma muke nema miki. Bahon ƙarfen nan ya ɗauki tulu biyu, kin ga an rage miki sahu ke nan.”

Ta daɗe tana kallon sa. Wannan kan da ya sunkuyar bayan jarida, ita ta wanke shi, ita ta aske shi, ita ta hana a ɗora masa ko dami guda yana yaro. Ba ta faɗi haka ba. Cewa ta yi, “To, na ji.”

Washegari ta tarar an cika tulunta da ƙasa, an dasa fure a ciki, an ajiye a baranda. Shi ma yanzu sai an ba shi ruwa.

A rafi akwai wata Paulina, matar wani leburan reluwe, mace mai baki kamar reza da zuciya mai kyau. Ita ta ga tsohuwa tana kokawa da baho, ta ajiye nata ta zo.

“Yesu! Mama, wa ya ba ki wannan? Ina tulu naki?”

“An sa fulawa a ciki.”

Paulina ta yi tsaki mai tsawo. Ta kwance ɗankwalinta, ta naɗa mata gammo, ta kira wata suka ɗora mata. “Ki miƙe wuya sak, kada ki karkata. Ki duba gaba, ba ƙasa ba. Kuma ki ji ni da kyau: in kin yi tuntuɓe, ki sake shi ya faɗi. Kada ki riƙe. Ruwa ne, za ki ɗebo wani.”

Ranar farko rabin ruwan a jikinta ya ƙare. Tulu bakinsa ƙarami ne, ruwa ba ya wasa a ciki. Baho kuwa faɗi gare shi, in ka taka sai ruwan ya tafi gaba ya dawo baya, kuma kowace dawowa a wuya take sauka. Kanta da ya saba karkata dama shekara sittin ya ƙi tsayawa tsakiya. Sahun da aka ce an rage bai ragu ba, domin da Beatrice ta ga duro yana cika da wuri sai ta fito da labulaye da zannuwan gado da suka daɗe suna jiran wanki.

A mako na farko wuyan ya sandare, ba ta iya waiwaye sai ta juyo da jiki duka. A na biyu wani abu kamar tafiyar tururuwa ya fara sauka daga ƙeyarta zuwa yatsun hannu. Ran nan tana miƙa wa Beatrice kofi sai ya suɓuce ya fashe. Ba ta ji fitarsa daga hannunta ba.

“Tsufa ne, Mama,” in ji Beatrice tana tsince fasassun. Ta ba ta man zafi da ƙwaya biyu. “Gara ma da kike motsa jiki. Da zaune kike da ya fi haka.”

Silvanus ya ce zai kai ta asibiti ranar Litinin. Litinin ta zo da taron ofis. Ya ce Laraba. Laraba mota ba ta da mai.

Paulina ce ta kawo dabara. Daga rafi zuwa titin jirgi ba manya a hanya, sai mata 'yan uwansu, to ta ɗauki bahon a kafaɗa, in sun iso titin jirgi sai ta taya ta mayar da shi ka. Bakin ƙarfen yana yankan ta, amma ta sami kwana huɗu tana barci. A rana ta biyar wani ɗan kwamiti ya bi ta gonakin rogo a kan keke, ya gani, ya kai labari cikin raha, yana ganin abin dariya ne.

Silvanus bai yi dariya ba. Ya same ta a bayan kicin tana juye ruwa a duro, ya rage murya don kada maƙwabta su ji.

“Mama, so kike ki kashe ni da kunya a garin nan? Abu ɗaya tak na roƙe ki. Ɗaya! Kin ce kin ji, ashe a bayan idona wani abu kike yi.”

“Dogara, hannu na yana mutuwa.”

“Ki bar faɗin haka, ba kyau a bakin mai bi. Sati biyu ya rage. Injiniya zai zo daga Kaduna, in ya gani da idonsa an gama. Ki rufa mini asiri sati biyu.”

Ta so ta ce masa ba za ta iya ba. Amma ya ce ta rufa masa asiri, kuma bai taɓa roƙon ta wannan ta hana shi ba.

Da ta gaya wa Paulina an daina dabarar, matar ta jefar da ƙoƙon da take kwasar ruwa da shi. “Mama, gobe akwai lori na Kwoi, daga can ki samu na Jere. Ni zan sa ki a ciki da hannu na. Ki tafi gida ki shuka doya naki, ki bar su su sha fulawa.”

Lai'atu ta so ta girgiza kai, wuyan ya hana. “In na shiga gari ba shi ya kawo ni ba, ba sallama, me zan ce? Za a ce Dogara ya kori uwarsa. Sunansa zai lalace a gida.”

“Shi yana tunanin naki?”

Lai'atu ta ɗaga ido gabas, inda kwana uku ke nan gajimare yake taruwa da la'asar yana watsewa. Ta san irin wannan gajimaren. Ya ba ta wata guda, in ya yi kirki sati biyar.

Injiniya ya zo ranar Alhamis, kuma a gidan sakatare aka shirya masa liyafa. Tun ranar Laraba aka fara: a wanke siminti, a wanke kujeru, a wanke kwanukan da aka aro, a cika duro biyu da wani na uku da aka kawo daga maƙwabta, kada babban baƙo ya shiga bayan gida ya tarar ba ruwa. Mutumin da aka gayyato ya ga rashin ruwa, shi ake ɓoye wa rashin ruwa! Ranar Laraba ta yi sahu goma sha ɗaya. Ranar Alhamis kafin azahar ta yi shida, Beatrice ta leƙa duro ta ce, “Mama, ɗaya kawai ya rage, na wanke hannun baƙi. Ki biyo ta baya in kin dawo.”

Rana ta take. Tsakuwar titin jirgi ta ɗau zafi har tana ƙona tafin ƙafa. Ta ɗaga ƙafar dama ta tsallake ƙarfen farko. Ta hagu ce ba ta ji ba, kwana biyu ke nan tana yi mata haka. Yatsan ya kama bakin ƙarfe, ruwan ya tafi gaba gaba ɗaya. Duk macen da ta tashi da kaya a ka da ta saki baho ta dafa ƙasa. Lai'atu ba ta taɓa sakin kaya ba a rayuwarta. Mai tulu a kafaɗa in ta yi tuntuɓe ƙanƙame shi take yi, ta kawar da kai gefe, ta tsaya. Jikinta ya yi abin da ya sani kafin ta tuna maganar Paulina: ta ƙanƙame bakin bahon da hannu biyu, ta karkatar da kai. Nauyin duka ya sauka a karkataccen wuya. Matan da ke bayanta sun ji ƙarar.

Paulina ba ta bi ta baya ba. Ta ƙofar gaba ta faɗa falon, ƙafa duk laka, daidai lokacin da Silvanus yake tsaye da takarda yana karanta wa injiniya yadda iyayenmu mata suke shan wahala.

“Mista Silvanus! Uwarka tana kwance a kan layi, ba ta motsi!”

Ya yi tsaye da takardar a hannu. Abin da ya fara fita daga bakinsa, kuma mutum goma sha biyu sun ji, shi ne, “Wa ya aike ta?”

A asibiti likita ya duba ta, ya soka mata allura a tafin ƙafa ba ta motsa ba, ya fito da Silvanus waje ya tambaye shi yadda aka yi tsohuwa kamar wannan take ɗaukar irin wannan kaya.

“Likita, ka san mutanenmu na ƙauye. Ba sa iya zama. Ba irin faɗan da ban yi mata ba, ni da mai ɗakina. In ka hana ta ma fushi take yi.”

Tana jin sa ta ƙofar da ba a rufe ba. Hawaye ya gangaro mata cikin kunne, ta kasa ɗaga hannu ta share.

Kwana tara aka sallame ta, likita ya ce abin da ya rage sai jinya a gida. Ƙafafu sun tafi. Hannun dama yana ɗan motsi a yatsu, na hagu ko alama. Aka shimfiɗa mata katifa a ɗan ɗakin ajiya da ke jikin kicin, tsakanin buhun masara da tsohon keken ɗinki. Da asubar farko ta ji an buɗe ƙofar baya a hankali, ta ji ƙarar garwa, ta ji ruwa yana zuba cikin duro. Ta ji Beatrice tana raɗa wa ɗan ga-ruwa: “Mijinyawa, ka ƙaro huɗu, amma ka bi ta lungu.” Daga yadda mutumin ya san inda murfin duro yake, ta gane ba yau ya fara ba. Tun washegarin faɗuwarta yake zuwa. Ashe dama ana iyawa. Ashe dokar kwamiti tana da ƙofar baya, ita ce kawai ba a buɗe wa ba.

'Yan Zumunta suka dawo, wannan karon duba marar lafiya. Suka tsaya a bakin ƙofa don ɗakin ba ya ɗaukar su, suka yi addu'a, suka yi waƙa. Matar dattijon nan ta kama hannun Beatrice ta ce, “Malama, Ubangiji zai sāka miki. Ba kowace 'yar boko za ta riƙe uwar miji haka ba.” Beatrice ta sunkuyar da kai ta ce ai aikin Ubangiji ne. Ranar Lahadi Silvanus ya tashi a majami'a ya ba da shaida, ya gode wa Allah da jirgi bai zo ba a lokacin, ya kuma ce abin da ya sami mahaifiyarsa ya isa ya nuna wa hukuma cewa garin nan yana bukatar famfo. Mutane suka ce amin. Har cikin wasiƙar kwamiti ta mako mai zuwa aka sa labarin.

Paulina ta zo sau biyu. A na uku aka ce mata Mama tana barci.

Lai'atu ta roƙi ɗanta abu ɗaya. Ya leƙo da safe, sanye da taye, ya tsaya daga bakin ƙofa saboda warin ɗakin.

“Dogara, kai ni gida. Ko a kwance. In na ga gona na, zan gaya wa mutane inda za su sa iri.”

“Mama, hanyar Jere ba ta da kyau, girgiza za ta ƙara miki ciwo. Bari ki ɗan yi ƙarfi.”

Ta san ba girgiza yake tsoro ba. Tsoron tsofaffin garinsu yake yi, waɗanda za su buɗe mayafi su dubi wuyan, su dube shi, su tambaye shi da yaren da ba zai iya amsawa da Hausa ba.

Akwai kuma maganar shimfiɗa. Mai kwance ba ta iya riƙe fitsari, wankin zannuwa kuma yana cin ruwa, ruwa kuwa yanzu saye ake yi. Beatrice ta yi lissafinta na malamar makaranta, ta ga maganin abin shi ne a rage abin da ke shiga. Kofi ɗaya da safe, ɗaya da yamma. Ta ce wa mijinta ai likita ma bai ce a cika ta da ruwa ba. Ya ce ita ta san jinya. Sai a ajiye kofin a kan kujera 'yar tsugunno, taƙi ɗaya daga yatsun da ke motsi, a ce za a dawo a ba ta.

Ranar Talata da la'asar iska ta juya. Lai'atu ta ji ƙamshin tun kafin kowa, ƙamshin ƙasar da ruwa ya taɓa a wani wuri can gabas. Ɗakin ya yi duhu. Aka yi tsawa guda, sai ga ɗigon farko a kan kwano, ɗaya, biyu, sannan kamar an juye tsakuwa. Ba yayyafi ba ne, ruwan shuka ne sosai, irin wanda ke shiga ƙasa kamu guda. Ta rufe ido ta ga rumfarta, ta ga irin da ya fid da dogayen tsiro farare yana neman ƙasa a cikin iska, ruwa yana bi ta ciyawa yana jiƙa shi. Nan da mako zai ruɓe. Gobe da asuba kowa a garinsu zai fita da fartanya, gonarta ce kawai za ta kwana yadda take. Shekara ta wuce ta, kuma ta san ba wata shekarar da za ta zo ta same ta a tsaye.

Unguwa ta kaure da ihu. Mata suna kiran juna, ana jan duro, ana fito da baho da tukwane da kwanukan tuwo. Harshenta ya manne a dasashi, tun safe ba a dawo ba. Ƙofar ta buɗe da ƙarfi, Beatrice ta shigo a jiƙe sharkaf, fuskarta cike da murna.

“Mama, kin ji ikon Allah? Ga ruwa kyauta! Da kin yi haƙuri sati uku kacal da duk wannan bai faru ba.”

“Maman Clara, ruwa...”

“Ai shi ne, Mama, ruwa!” Ta sunkuya ta janye robar da ake yi wa tsohuwa wanka da ita, ta fice da gudu ta kai ta bakin indararo.

Lai'atu ta miƙa yatsu wajen kofin. Suka kai rabin hanya suka tsaya. Ta kira da Hausa, kwano ya cinye muryar. Ta kira da yarensu, ta kira Dogara sau uku, kamar yadda take kiran sa daga bakin gona in hadari ya taso. Yana tsakar gida, ya naɗe ƙafar wando, yana dariya yana gyara wa duro zama.

Ranar nan ba mazubin da ba a cika ba a gidan, har murfin tukunya. Uwar mai gidan ce kaɗai ta kwana da ƙishirwa.